Sunayen Irin Wake da Masu Raɗa Su

Duk wanda ya shiga layin masu awo a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ana gab da saukar damina, zai ji irin tambayoyin da ake yi wa mai sayar da irin wake. Dattijo zai damƙi tafi guda, ya murza, ya duba ko ƙwaro ya huda, sannan ya ce, “Yaro, wannan ɗan wuri ne ko sai kaka ta yi nisa? Yana harawa? Ƙuduji ba ya cin sa?” Mai kaya ya ce, “Baba, ɗan gwamnati ne, kwana 70 ka fara roro.” A yi ciniki, a auna tiya biyu, a rabu. Cikinsu babu wanda ya ambaci IT97K-499-35, alhali mai yiwuwa shi ne a cikin buhun. Wannan wake kuwa, a littafin masu bincike lambarsa ke nan. A rajistar Nijeriya sunansa SAMPEA 10. A arewacin Gana ana ce masa Songotra. A Mali Jiguiya. Mai kallo daga nesa zai ɗauka sakaci ne ko son burga ya sa abu ɗaya ya tara sunaye haka. Ni dai abin da tarihi ya nuna mini shi ne, kowace lamba tambarin hannun da ya riƙe irin ne a wani zango na tafiyarsa, kuma kowane hannu da abin da yake bukatar tunawa. Matsalar tana can zangon ƙarshe, inda iri ke barin takarda ya shiga mudu, a nan ne duk lambobin suke zubewa.

Ba a noma kaɗai ake ganin haka ba. Littafi ɗaya idan aka sake buga shi da wani irin bango, mai tauri ko mai laushi, ko a wani kamfani, sabuwar lambar ISBN ake ba shi. Kamfanonin faifan bidiyo na Japan kuwa, fim ɗaya sukan ba shi lamba dabam a kwafin haya, wata a kwafin sayarwa, wata kuma idan ya koma Blu-ray, domin abin da suke ƙirgawa haja ce da hanyar da kuɗinta zai dawo. Bahaushe ma ya san wannan tun a gida: yaro yana da sunan yanka, uwa tana masa alkunya, kaka ta laƙaba masa nata, abokai su raɗa nasu, kuma da jin sunan ka san wanda ya yi kiran.

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har zuwa Dawakin Tofa da Bichi, ta daɗe da cika da mutane. Lokacin da Michael Mortimore ya yi nazarinta a shekarun 1960, ya tarar da gonaki ana noma su kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinsu da takin dabbobi da shara da jakuna ke ɗaukowa daga birni a mangala. A irin wannan wuri wake ba abin miya ba ne kawai. Ana sa shi tsakanin gero da dawa, a ci ƙwayar, a ɗaure harawa a ɗora kan bishiya ko rufin ɗaki don tumaki da awaki, su kuma su mayar da taki gona. Sunayen irin da manoma suka gada, Kanannado da Ɗan Ila da Aloka a wake, Kaura da Farafara a dawa, sun wadatar ba tare da wata lamba ba, saboda iri ba ya tafiya da nisa kuma ba ya tafiya babu shaida. Maƙwabcin da ya ba ka Kanannado ka ga gonarsa bara, ka ga yadda ya yi yaɗo ya rufe kunya, ka san ba zai yi fure ba sai rana ta fara gajarta. Idan ya cuce ka, gobe za ku haɗu a masallaci. Sunan yana tsaye ne a kan ido da zumunci.

Gyada ce ta fara kawo lamba cikin wannan tsari. Bayan jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, gyada ta zama hajar Turai, kuma gwamnatocin mulkin mallaka suka ga ribarsu tana cikin irin da ake shukawa. Turawan Ingila suka kafa tashar bincike a Samaru ta Zariya a 1922, wadda ta zama cibiyar IAR ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Faransawa kuma suna da tasu a Bambey ta ƙasar Senegal, inda al'adarsu ita ce a rubuta shekara sannan lambar jeri. Daga can ne gyadar nan 55-437 ta fito, mai nuna cikin kwana 90, wadda ta dace da damina mai gajarta. Manomin Kano bai ga Bambey ba, bai kuma damu da 1955 ba. Abin da ya ji shi ne daga wajen Dakar ta zo, sai ya ce 'Yar Dakar, ɗan'uwansa na Maraɗi ya ce El Dakar. Samaru kuma ta shigar da ita jerinta a matsayin SAMNUT 14. Bayan farin 1972 zuwa 1974, sai annobar kuturtar gyada ta 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 a Nijeriya, dalar gyada ta Kano ta kama hanyar zama labari. Neman irin da zai jure cutar ya sa aka ɗauko RMP 12 daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ya zama SAMNUT 10. Tun daga wannan zamani iri ya zama matafiyi mai ƙetare iyaka, kuma matafiyi dole a buga masa tambari a kowace ƙofa.

Wake ya bi wannan hanya ta hannun cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967. Ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne tattara irin wake daga ƙasashe da dama, har rumbunta ya tara samfuri sama da 15,000, kowane da lambar da ta fara da TVu. Wannan lamba ba ta ce wake mai kyau ne ko marar kyau ba. Matsayinta na lambar shiga rumbu ne, don a san inda aka ɗebo shi da inda aka ajiye shi. Waɗanda aka samu ta hanyar haɗa iri biyu da farko an sa musu TVx, daga baya aka koma tsarin IT. Wajen 1990 cibiyar ta kafa tasha a Kano, da gonar gwaji a Minjibir, ƙarƙashin masanin wake B. B. Singh, domin ƙasar Ibadan mai laima ba za ta nuna halin waken da za a shuka a jigawa ba. Yadda aikin yake tafiya shi ne ke bayyana lambar. Ma'aikaci zai buɗe furen wani wake kafin ya buɗe da kansa, ya cire sashen namiji, ya shafa masa garin furen wani, ya ɗaura ɗan ƙyalle mai lamba. 'Ya'yan wannan haɗi da jikokinsa sukan fito kowa da halinsa, a yi ta zaɓe ana zubarwa shekara bayan shekara har a samu layin da ya tsaya a kan hali ɗaya. Saboda haka IT97K-499-35 salsala ce a dunƙule: IT cibiyar, 97 shekarar 1997, K Kano, 499 lambar haɗin, 35 kuma wanda aka zaɓa cikin zuriyar. Abin da ya fifita shi shi ne ƙuduji ba ya iya kama saiwarsa, halin da ya gado daga wani waken gargajiya na Botswana mai lamba B301. Mai binciken da zai sake haɗa shi da wani gobe yana bukatar wannan salsala kamar yadda mai neman aure yake binciken asali.

Lamba ta biyu doka ce ta haife ta. A 1987 gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 33, wadda ta kafa kwamitin ƙasa na rajista da sakin sabon iri, da sakatariyarsa a cibiyar NACGRAB da ke Ibadan. Kafin a saki iri sai an gwada shi a tashoshi da gonakin manoma a wurare dabam-dabam, sannan cibiyar da aka ɗora wa alhakin wannan amfanin gona ta gabatar da shi. Wake yana hannun Samaru, shi ya sa yake fita da SAMPEA, kamar yadda dawa take SAMSORG, masara SAMMAZ, auduga SAMCOT. Har tsofaffin iri an jera su a wannan layi, inda gajeren kaura mai lamba SK 5912 ya zama SAMSORG 17. Kwamitin kuma yana ƙara tasa lambar rajista mai farawa da NG. Abin lura shi ne agogon lambobin biyu ba ɗaya ba ne. IT97K-499-35 na 1997 ne, an sake shi a 2008 a matsayin SAMPEA 10. IT89KD-288 ya girme shi da shekara 8, amma sai a 2009 ya samu SAMPEA 11. Kafin nan kuwa ya riga ya yi suna a kudancin Kano: ɗan abin da aka ba manomi guda a Bunkure a 1993 ya bazu hannu da hannu zuwa manoma sama da 1,000 cikin shekara 4, suna noma shi da rani a filayen ban ruwa. Wato shekara 16 wake yana ciyar da gidaje kafin hukuma ta yanka masa rago. Lambar farko ranar haihuwa take faɗa, ta biyu ranar da ƙasa ta amince za ta tsaya masa.

Akwai masu cewa wannan sake suna ƙwace ne cikin ladabi: wani ya yi wahala a Minjibir, wani ya buga tambarinsa a Zariya ko Tamale ta Gana. Zargin ba ya rasa tushe gaba ɗaya, domin cibiyoyi da ma'aikatansu ana auna su da yawan irin da suka saki, kuma kowa yana son a ga sunan gidansa a jikin buhu. Sai dai mai wannan magana ya manta IITA ba hukumar kowace ƙasa ba ce, ba ta da ikon ce wa manomin Nijeriya ga abin da gwamnatinka ta amince da shi. Cibiyar da ta sa sunanta ita ce ta ɗauki nauyin ajiye tsantsar irin, ta riƙa ba kamfanoni tushen da za su yawaita, kuma ita za a tuhuma idan ya gaza. Gwajin ma ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Ƙuduji iri-iri ne, wanda ke Kano ba lallai ya zama ɗaya da na wani yanki ba, don haka waken da ya gagare shi a nan sai an sake jarraba shi a can. Da Gana ta ce Songotra a 2008, abin da take faɗa shi ne mun gwada a ƙasarmu. Mali ma da ta kira IT89KD-374 Korobalen, ta kira IT89KD-245 Sangaraka, da harshen manomanta ta yi magana. Ƙungiyar ECOWAS ta gane wahalar da ke cikin wannan, shi ya sa a 2008 ta yi ƙa'idar iri ta bai ɗaya da kundin yanki, don irin da wata ƙasa ta yi wa rajista ya iya shiga kasuwar maƙwabciyarta. Ko a wannan kundin, abin da ke nuna cewa sunaye biyu abu ɗaya ne ita ce tsohuwar lambar mai bincike.

Wasu kuma suna ganin a yar da lambobin duka, a ba kowane iri suna ɗaya mai daɗin faɗa. Wannan ya fi na farko ƙarfi, kuma masu binciken kansu sun sallama da rabinsa. A 2020 an saki sababbin irin rogo a Nijeriya da sunaye irin su Game Changer da Hope da Obasanjo-2, aka kuma raɗa wa wasu tsofaffi sunayen kasuwa, saboda an gane babu manomin da zai riƙe jerin alƙaluma a ka. Manoman Kano ba su jira kowa ba. Akwai ingantaccen waken da suka laƙaba wa Kwankwaso, kuma kowane sabon iri yakan ɗauki sunan wanda ya kawo shi, ko hukuma ko malamin gona ko gari. Amma suna yana da wata halayya da lamba ba ta da ita, wato yana miƙewa. Da zarar wani suna ya yi farin jini, duk farin wake mai kama da shi sai ya shige ƙarƙashinsa, don dillali ba zai ƙi sunan da ke sayar da kaya ba. Binciken da aka yi a kan rogo a Nijeriya wajen 2015, inda aka gwada ƙwayar halittar abin da ke gona aka kwatanta da abin da mai gonar ya faɗa, ya nuna manoma da yawa suna noma ingantacce suna ce masa na gargajiya, wasu kuma akasin haka. A dubi IT99K-573-1-1 da IT99K-573-2-1, waɗanda aka saki a 2011 a matsayin SAMPEA 14 da SAMPEA 15. Lambar mai bincike ta nuna uwa ɗaya uba ɗaya suke, alƙalami guda ya raba su. 14 da 15 kuwa layin fita kawai suka nuna. A mudu kuma dukansu farin wake ne.

Gero ya fi wake tona wannan asiri. Wake yawanci furensa da kansa yake wadatuwa, don haka wanda ya ajiye iri daga gonarsa zai samu kusan abin da ya shuka. Gero kuwa iska ce ke kai garin furensa daga wannan zangarniya zuwa waccan. SOSAT-C88, wanda aka samar a tashar Cinzana ta Mali daga geron Souna da Sanio, cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta sake shi a 2000 da sunan LCIC-MV1, manoma kuma suka tsaya a kan Sosat. A yankin da gonaki suke manne da juna, iyaka ɗan layin gamba ne ko kuka guda, Sosat ɗin da aka shuka kusa da geron gida zai gauraya cikin 'yan damina. Mai shi zai ci gaba da ce masa Sosat da gaskiyarsa, ya ba ƙaninsa, ƙanin ya kai kasuwa, alhali abin da ke cikin damin ya riga ya zama wani abu. A nan ne lamba ta uku take da aiki, wato lambar rukunin da ke jikin takardar shaida ta hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, wadda ke faɗin wane kamfani ya noma wannan buhun, a wace shekara, daga wane tushe. Ita ba ta magana a kan iri gaba ɗaya, a kan buhun da ke gabanka take magana.

Ƙarshen abin da za a iya cewa shi ne manomi bai damu da duk wannan ba, tambayoyinsa uku na kasuwa sun ishe shi. Da sun ishe shi lokacin da ido ke iya ba da amsa. Amma halayen da ake saya yanzu ba a ganin su a tafin hannu. Waken da ƙuduji ba ya kamawa da wanda zai ƙone ƙurmus a gona ɗaya duk farare ne masu ɗan ɗigo a ido, kuma manomin da ke da kadada ɗaya tak ba zai gane kuskure ba sai damina ta wuce. Misali mafi kaifi shi ne SAMPEA 20-T. Masu bincike a cibiyar CSIRO ta Ostireliya sun sanya wa wani wake mai lamba IT86D-1010 ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar nan mai huda fure da kwanso. A Samaru, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka yi ta mayar da wannan hali cikin SAMPEA 10 har ya zama kusan shi ne sak sai wannan ƙari. Hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa halitta ta amince da shi a Janairun 2019, aka sake shi a Disambar wannan shekara, aka ƙaddamar da sayar da shi a Kano a 2021, da bayanin cewa feshi biyu zai wadatar a maimakon shida zuwa takwas. Gana ta bi wannan hanya da nata Songotra, ta fitar da Songotra-T a 2024. Ana ta muhawara a kan irin da aka sauya wa halitta, kuma ba ita ce maganata a nan ba. Abin da ke gabana shi ne ɓangarorin biyu harafin T ɗin nan suke bukata. Wanda yake son sa, idan aka ba shi SAMPEA 10 a madadinsa ya rage feshi, tsutsa za ta cinye masa gona. Wanda ba ya son sa kuma yana da haƙƙin ya san abin da yake zuba wa ƙasarsa da tukunyarsa.

Bayan sabuwar dokar iri ta 2019, NASC ta shigo da wata takarda da ake mannawa a jikin leda, a kankare a tura lambar ta waya a ji ko kayan na gaskiya ne. Dabara ce mai kyau, kuma lamba ce da aka yi domin mai shuka maimakon mai bincike ko ma'aikacin rajista. Sai dai tana aiki ne ga wanda ya sayi leda a rufe. Mafi yawan waken da ake shukawa a Kunchi da Makoda da Tsanyawa daga rumbun gida yake fitowa, ko daga hannun dangi, ko daga masu awo, waɗanda su ma da yawa daga Dawanau suke saro shi. A Dawanau kuwa, wadda ta fara ci tun 1985, launi da girman ƙwaya da yawan huji su ne ke yanke farashi, kuma ba laifi ba ne dillali ya haɗa buhun Bichi da na Damagaram idan sun yi kama, tunda abinci yake sayarwa. Ko mai shagon iri na ƙauye, idan manomi ya ce kuɗinsa ba su kai na leda mai kilo biyu ba, farke ta yake yi ya auna masa da gwangwani, ya ƙulle a wata baƙar leda. Takardar da ke ɗauke da sunan Samaru da lambar rukuni da wurin kankarewa tana nan a shago, manne da ragowar ledar, mai gona kuma ya hau kekensa ya nufi gida da ɗan gwamnati.